Mafarauta Biyu a Garkar Kaka

Wata shida aka ce Kaka za ta yi da mu. Haka aka buga a fasfonta, haka aka gaya mata a Madarumfa kafin ta taso, haka ita ma ta gaya wa waɗanda ta bari. Abin da ta bari ɗin bai cika yatsun hannu ɗaya ba: ƙanwarta Dije, wadda suke zaune gida guda tun da mazajensu suka rasu, garka ɗaya a bakin tafki, mai albasa da tumatir da yakuwa, awaki uku, sai ɗaki mai ƙofar kwano, wanda ta kulle ta ɗaure makullin a bakin zane. Ta sauka a watan Afrilu da jaka ɗaya, tikitin komawarta na Oktoba. Da Mama ta ce a nemo mata rigar sanyi, sai ta ce kada a wahala, ita da sanyin Amurka ba za su ga juna ba.

A namu ɓangaren yara uku ne a kan ma'auni. Ni Balkisa, shekara goma sha biyu. Ƙanena Laminu, bakwai. Da Nana, wata huɗu. Baba yana tuƙin tasi, yana tsayawa kusa da tashar bas ta cikin gari. Mama tana wani kamfanin ɗaure kaya, shif ɗin yamma, ƙarfe uku take shiga. Kafin Kaka ta zo, ni ce nake cike ramin da ke tsakanin fitar Mama da dawowar Baba. Ina saukowa daga bas ɗin lakwal, wato makaranta, da makulli a wuya, Mama ta miƙo mini jaririya a bakin ƙofa, ta ruga. Dokokin gidan uku ne: kada ki buɗe wa kowa, kada ku ɗaga labule, kada ki bari Nana ta yi kukan da zai sa maƙwabta su gane babu babba. An gaya mana a ƙasar nan ana ƙwace yaran da aka bari su kaɗai. Gidanmu a Glenwood ɗan ƙarami ne na katako, ɗalibai ke haya hagu da dama. Muna jin dariyarsu da ƙarar kekunansu ta bango, mu kuwa muna ciki kamar kajin da aka kife da kwando. Wata biyu na yi a haka, kuma ban manta ko yini ɗaya ba.

Ranar da Kaka ta shigo, kafin ta zauna ma, ƙofar baya ta nema ta buɗe.

"Ku fito," in ji ta. "Kun yi fari fat kamar tsiron da aka manta a ƙarƙashin ƙwarya."

Cikin sati biyu ta kafce bakin shingen bayan gida. Wata Anti daga masallaci ta ba ta irin kuɓewa da yakuwa, ta samo dashen tumatir, ta jera tsofaffin bulo a gefen kunyoyin. Ta kuma ƙwace furnon Baba, ɗan murhun waya da yake dafa shayi a kai. Da an yi sallar magariba sai ta hura gawayi, ta ɗora masara ko gyaɗa, ta goya Nana, mu kewaye ta. Ba ta yin gatana, wato tatsuniya, da rana, ko kuka za ka yi. Matsalar ita ce rana a garin nan, in zafi ya shigo, sai ta kusa ƙarfe tara ba ta faɗi ba. Kaka ta riƙa hararar sama tana cewa, "Wannan rana ba ta da gidan komawa ne?"

Akwai abu ɗaya da sai an san shi za a gane sauran labarin. Baba ɗan farin Kaka ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta buɗe baki ta nemi wani abu a wurinsa. A Madarumfa wannan ba ya damun kowa, gida ne mai faɗi, ga ƙannen uba, ga maƙwabta, magana tana samun mai ɗaukarta. A nan kuwa ɗaki biyu ne da siririn lungu. Da safe Baba ya durƙusa ya gaishe ta, ita ta amsa tana kallon bango. "Wancan" take ce masa, in ta ji daɗi ta ce "mai motar nan". Mama suruka ce, ita ma da tata kunyar. Saura ni. Duk maganar da za ta bi tsakanin uwa da ɗa, ta bakina take bi.

"Dillaliya, ki ce wa wancan gawayi ya ƙare."

Ita ta sa mini wannan suna, ranar da ta gano ina kai ƙuli-ƙulinta lakwal ina musaya da fensira masu kala. Yau sana'ata saye da sayar da tsofaffin motoci, don haka ba ta yi kuskure ba.

Gatanarta da yawa, amma wadda muka fi nema ita ce ta mafarauta biyu. Takan juya masara, ta gyara goyo, ta ce, "Ga ta nan, ta biyo ni cikin jaka, ba a buga mata hatimi ba."

Mu ce, "Ta fito mu gan ta." Laminu yakan amsa da Turanci don tsokana, ita kuma ta janye masararsa.

"Mijin da bai iya yaren matarsa ba, ya ci hayaƙi. Sake faɗi, maigida, ko in sake ka."

Wai wata tsohuwa ce mai garka a bakin tafki. Kullum ta fito da safe sai ta tarar an yanke mata dashen tumatir daidai wuya, ganyen kuɓewa ya nannaɗe, ita kanta sauro ya hana ta tsugunawa. Sai ta yi shela tana neman mafarauci. Biyu suka zo. Na farko baƙin ƙwaro ne mai sheƙi, ba buzuzu mai tura kashi ba, ɗan'uwansa ne mai dogayen ƙafafu da muƙamuƙi kamar awartaki. Sunansa Na-Ƙasa. Ta biyun irin mazari ce, amma ba babban nan mai baza fukafukai ba, siririyar da in ta sauka take haɗe fukafukanta a bayanta. Sunanta 'Yar Allura.

A nan Kaka takan raba muryarta biyu. Ta matse hanci ta yi ta 'Yar Allura: "Iya, wannan mai warin za ki ɗauka? Shi da ko sama bai taɓa ɗaga kai ya gani ba?" Sai ta kumbura kumatu ta yi ta Na-Ƙasa: "Iya, tumatirinki a sama aka shuka shi? Wannan da iska ke kaɗawa, in an yi ruwa ina za ki same ta?"

Tsohuwa ta ba su kwana bakwai. Da hantsi ta zauna a inuwa tana kallo. 'Yar Allura ta fito cikin shuɗin kaya, tana shawagi a hankali tsakanin ganye. Ta haɗa ƙafafunta shida kamar ɗan kwando, ta kamfaci sauro a iska, ta leƙa bayan ganyen kuɓewa ta tsince ƙananan ƙwarin da ke tsotsar sa ɗaya bayan ɗaya. Idanunta biyu kowanne a nasa gefen, babu abin da ke motsi ta rasa gani. Tsohuwa ta yi ta tafi. Na-Ƙasa kuwa ko ƙeyarsa ba a gani ba. Ta ɗaga fasasshiyar tukunya, ta same shi yana barci.

Rana ta bakwai ta ce ya tattara ya tafi. Shi kuwa ya yi miƙa ya ce, "Kafin in tafi, je ki duba dashenki. Nawa aka yanke a satin nan?" Ta je ta duba. Ko ɗaya. Ya ce, "Mai yankan tsutsa ce, kauri kamar ɗan yatsanki. Da rana tana cikin ƙasa, sai duhu ya yi take fitowa. Ni ma sai duhu nake fitowa. Ba na gani sosai, amma ina jin ƙamshi, ina jin motsi, kuma babu mai rarrafe da ya fi ni gudu. Ita wannan tsutsa ta fi ƙarfin waccan 'yar kwalliyar. Dodon koɗi ma na ci biyu jiya."

'Yar Allura ba ta bar masa ba. Ta ce, "Iya, shi kaɗai ne mai aikin ɓoye? Kafin ki gan ni da fukafukai, damina da rani na yi a cikin laka, a ƙasan tafkin nan, ba kyau ba kala. 'Ya'yan sauro nake ci tun ba su san suna da baki ba. Duk sauron da bai cije ki ba bara, ni ce. Wa ya gode mini?"

A nan gatanar take tsayawa a watannin farko. Kaka ta kakkaɓe hannu ta ce, "To, alƙalai, wa ya fi iya farauta?"

Laminu kullum 'Yar Allura yake zaɓa, wai tana tashi. Ni kuwa tun lokacin ba na sayen abu don kalarsa. Na ce Na-Ƙasa: abin da yake kashewa ya fi girma, shi ke tare ɓarnar da ke kashe shuka gaba ɗaya, ruwa da iska ba sa hana shi fita. Kaka ta ce, "Ku ji ta. Wannan ko aljanna aka kai ta sai ta taya." Sannan ta rufe da cewa, "Wuta ta yi toka, gatana ta koma jaka."

Abin da ya sa wannan gatana ta fi sauran kama mu shi ne mutanen cikinta suna nan a bayan gidanmu. Wata Asabar Kaka ta ɗaga bulo ɗaya, baƙin ƙwaro ya fito a guje. Laminu ya cafke shi, ya sake shi da ihu, ya yini yana wanke hannu warin bai fita ba. Da ganyen yakuwa ya fara huda, Baba ya sayo gwangwanin feshi ya ajiye a bakin ƙofa. Kaka ta dubi gwangwanin ta ce, "Ki ce wa wancan, in ya fesa, masu gadina zai fara kashewa." Na faɗa masa yadda ta faɗa, ya mayar da shi shago.

'Yar Allura kuwa sai mun je rafin da ke bayan layi na uku. Nan ne iyakar duniyar Kaka a Greensboro. Ba ta zuwa ita kaɗai, ta ce gidajen duk uwa ɗaya ta haife su, kuma in ta ɓata ba ta da bakin tambaya. A bakin rafin ta nuna mana wani ɓawo a manne jikin karan ciyawa, mai ƙafafu da kai, bayansa a tsage, cikinsa fanko. Ta ce, "Rigar da ta bari ke nan ranar da ta fito daga ruwa." Ta daɗe tana kallon rafin. Ta ce bai kai rabin magudanar garkarta ba.

A ƙarshen Satumba, wata ranar Laraba bayan la'asar, ta kira ni. Tana tsinkar kuɓewa, ba ta dube ni ba.

"Dillaliya, wata na shida ya kama. Ki ce wa wancan, na gode, an riƙe ni da kyau. Amma Dije tana sa ido, kuma lokacin dashen albasa ya zo. A shirya mini hanya."

Baba yana gaban gida a cikin tasi, ƙofa a buɗe, yana cin abinci kafin ya koma. Daga shingen baya zuwa motar bai fi taku ashirin ba. A cikin takun nan na ga makullin ya dawo wuyana, na ga labulen a sauke, na ji nauyin Nana a kafaɗata. Kafin in isa na gama shawara.

"Baba, Kaka ta ce lokacin tikitinta ya kusa."

Ya ajiye cokali. Idanunsa jajaye ne don rashin barci. "Ta ce tana so ta tafi?"

"Ta ce yadda ka gani."

Ya sauke numfashi kamar wanda aka ɗauke wa buhu. "Allah ya saka mata da alheri. To ki ce mata bari mu ga bayan sanyi."

Na koma. Na ce, "Ya ce an samu matsala da jirgin. Sai bayan sanyi."

Kaka ta tsaya da tsinkar. Ta dube ni, ta daɗe. Sai ta ce, "To," ta ci gaba.

Da magaribar nan, ba mu roƙa ba, ita ta ɗauko gatanar mafarauta biyu. Amma da ta zo inda take tsayawa, ba ta tsaya ba.

Wai tsohuwa ta kasa yanke hukunci, sai ta ce, "To wanda zai zauna mini har kaka, shi na ɗauka." 'Yar Allura ta ce, "Iya, kwanakina a iska kaɗan ne, na biya su da tsada a cikin laka. Ba na ba kowa su." Ta tashi ta bi bakin tafki. Na-Ƙasa ya ce, "Ni ma ina da fukafukai a ƙarƙashin baƙar rigar nan, kuma ina da dangi a ƙetaren ruwa. Amma zan naɗe su damina ɗaya." Ya naɗe, ya shiga ƙarƙashin tukunya. Lokacin kaka ya zo, tsohuwa ta ce, bari a dasa albasa. Albasa ta yi, ta ce, ga tumatir ya kusa. Ranar da ya ce yau kam zai tafi, ya hau kan tukunya ya yunƙura ya buɗe rigar, sai ya tarar ta haɗe daga wuya har ƙasa. Ya sake yunƙurawa. Daga nan ya sauko ya koma aiki.

Laminu ya ce da Hausa, ba tsokana, "Tsohuwar muguwa ce."

"A'a, maigida. Ba muguwa ba ce. Tumatirinta take so." Ta juyo gare ni. "Ke fa, wa ya fi?"

Na ce, "Na-Ƙasa. Shi ne ya zauna."

"Ya zauna kam," in ji ta. Ta miƙo mini masara mafi kyau a kan wutar, na karɓa, ban iya ci ba.

Oktoba ta wuce da tikitin. Kafin sanyi ya fita, wani dattijo a masallaci ya gaya wa Baba cewa tunda ta zarce ranar da aka buga mata, in ta fita yanzu sai an yi shekaru kafin a bar ta ta sake shigowa. A shekarun Kaka, wannan yana nufin ba za ta sake ganinmu ba. Wannan saƙon na kai shi cikakke, don yanzu gaskiya ma tana yi mini aiki. Daga nan dalilai suka riƙa zuwa da kansu. Bari Nana ta fara tafiya. Bari Nana ta shiga lakwal. Bari Balkisa ta gama. Kaka ba ta sake aiko ni da maganar hanya ba, Baba kuwa ya ɗauki shirun a matsayin yarda.

Ta sa rigar sanyin da ta ƙi. Duk shekara sanyi yana ƙone garkar cikin dare ɗaya, furno ya koma ƙarƙashin matakala, ta zauna kusa da murhun kicin har wata biyar, ba fita. In motar 'yan sanda ta bi layinmu sai ta bar taga. In ƙafarta ta kumbura sai ta jiƙa ta a ruwan gishiri, ba ta yarda a kai ta inda za a tambayi takarda. Mu kuma muka girma. Laminu ya samu ƙwallo, ni na samu aikin wanke motoci a wani fili. Wasu magaribai takan hura wutar, ta zauna da Nana kaɗai.

A shekara ta shida aka bugo waya daga gida, Dije ta rasu. Ni na riƙe mata wayar a kunne. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Wa ya yi mata wanka?" Aka faɗi sunan wata maƙwabciya. Ta ce, "Da ni ce." Ta ture wayar.

Ina da shekara ashirin da ɗaya na fara nawa, ina sayen mota a gwanjo in gyara in sayar. Wata rana na kai wa wani tsohon Bature manomi a-kori-kura a Summerfield. Na ga ya shimfiɗa katakai tsakanin kunyoyin kabejinsa, na tambaye shi amfaninsu. Ya ɗaga ɗaya, baƙaƙen ƙwari suka watse. Ya ce ma'aikatansa ne, don su yake ajiye katakan, shi ya sa ba ya feshi. Ya kama ɗaya ya nuna mini bayansa. Ya ce da yawa daga irinsu ba sa tashi, murfin fukafukan a haɗe yake. Ya nuna mini kududdufinsa, ya ce siraran can kuwa yawancin rayuwarsu a ruwa suke yi, in sun fito 'yan makonni ne.

Ni duk shekarun nan na ɗauka Kaka ce ta ƙirƙiri haɗewar rigar a magaribar nan don ta soke ni. Ashe ta san abinta tun daga garkarta. Ta san ƙarshen gatanar tun ranar farko, ta dai riƙe shi har ranar da aka buƙace shi.

Ban tsaya ko'ina ba sai gida. Na sami Baba yana alwala. Na ce, "Baba, Kaka ta aiko ni." Na faɗa masa saƙon kalma bayan kalma, har da dashen albasa, har da Dije tana sa ido.

Ya tsaya da buta a hannu. "Dije? Yaushe ta faɗi haka?"

"Shekara tara ke nan."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Ni ma ban tambaya sau biyu ba." Ya fita baya, ya durƙusa a gefenta, ya sunkuyar da kai. Kaka tana fifita gawayi. Can ta ce, ba ta dubi kowa ba, "Ki ce wa wancan ya tashi. Gwiwarsa ba ta da lafiya."

Aka sami wata Hajiya mai tafiya Yamai, aka haɗa su. Ni na kai ta filin jirgi. A hanya na ce, "Kaka, ranar nan babu matsalar jirgi. Ni ce."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki rufe baki. Kin dawo da amsa da wuri. Wancan tun yana yaro bai taɓa amsa magana ranar da aka yi ta ba."

"To me ya hana ki gaya masa da kanki?"

Ta juyo ta dube ni kamar na yi saɓo. "In buɗe baki in roƙi ɗan fari? Ke dai tuƙa motarki." Muka wuce fitilun hanya biyu. Sannan ta ce, "Kuma na ga wuyanki ranar da na zo. Igiyar makullin nan ta yi miki zane."

Sati bakwai ta yi a Madarumfa. Garkar dangi sun raba ta tuntuni, rufin ɗakin ya rufta, a wurin jikar Dije ta sauka. Yarinyar takan riƙe mata hannu kowace safiya zuwa bakin tafki. Sau ɗaya muka yi magana mai tsawo a waya. Muryarta ta yi ƙarfi, tana faɗa da wani mai jaki a gefe. Ta ce an gaya mata 'yan allura sun yi yawa bana, ita dai idonta ba ya kama su, amma tana jin ƙamshin ruwan. Ranar wata Juma'a ta kwanta bayan azahar ba ta tashi ba. Babu ko ɗayanmu a wurin.

Har yau in aka tambaye ni wa ya fi iya farauta, amsata ba ta sauya ba. Wanda yake da gona, Na-Ƙasa zai nema, ya ajiye masa katako, ya yi addu'a kada ya iya tashi. Abin da na gane daga baya shi ne, duk shekarun da nake yanke hukuncin nan, a kujerar tsohuwa mai garka nake zaune. Ban taɓa tambayar abin da mafaraucin ya samu ba. Na kuma daɗe ina ganin Kaka ita ce Na-Ƙasa, sai da ta tafi na ga ta ɗauki rabon kowannensu mafi wuya: ta yi zaman ƙarƙashin tukunya, ta kuma yi 'yan kwanakin iska.

Ni mutum ce mai son a rufe ciniki a san inda aka tsaya, don haka ga yadda ya tsaya. Mu uku mun girma a gida mai buɗaɗɗiyar ƙofa, babu wanda aka ƙwace. Mama ba ta rasa aikinta ba. Hausar da ke bakina, da wadda Laminu yake yi wa 'ya'yansa tsawa da ita, daga bakin furnon nan muka kwaso ta. Ita kuma ta ba da damina tara da wankan ƙanwarta, aka mayar mata da sati bakwai. Motoci ɗaruruwa sun bi ta hannuna tun daga nan, na ci riba na kuma faɗi, amma ban taɓa yin cinikin da ya kai wannan riba ba. Shi ne na farko, na ƙulla shi cikin taku ashirin, kuma kayan da na sayar ba nawa ba ne.